Kiwon Kifi a Akwatin Gilashi: Ruwan da Ke Raya Shi da Yadda Ake Rainon 'Ya'yansa

Masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. Ku dubi waɗannan akwatunan gilashi guda biyu. Girmansu ɗaya, ruwan cikinsu garau, har ana hango bangon da ke bayansu. Amma idan aka cika na hagu da kifi yau, kafin mako biyu ana iya fara tsamo gawa. Na dama kuwa, kifayensa za su zauna lafiya har su soma haihuwa. Ido ba ya ganin bambancinsu. Na hagu jiya aka zuba masa ruwa, na dama kuma ya yi wata biyu matatarsa, wato na'urar da ke tace ruwan, na aiki.

Kifi dai a cikin ruwan da yake bahaya yake kwana yake tashi. Duk abin da ya ci, jikinsa na fitar da wani sinadari mai suna amoniya, kuma mafi yawanta ba ta kashi take fita ba, ta waɗannan jajayen fatun numfashi da ke gefen kansa take fita. A kogi, yawan ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati mai lita 50 babu inda za ta je. Sai ta taru, ta ƙone masa fatun numfashin, ka ga kifi ya taso sama yana haki, ya ƙi abinci, washegari ya juya ciki sama.

Masu kawar da wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne, kashi biyu. Kashin farko na cin amoniya su mayar da ita naitirait. Shi ma naitirait guba ne, don yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu su ke juya naitirait ya koma naitiret, wanda kifi ke jurewa muddin bai yi yawa ba. Sunayen biyu sun yi kama, sai a kula: na tsakiya ne mai kisa. Waɗannan bakteriya ba yawo suke a ruwa ba, manne suke a jikin soson matata da tsakuwar ƙasan akwati, kuma ba sa saurin yaɗuwa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata.

To me za ka yi a wannan tsakanin? Ka haɗa akwatinka, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum alhali babu kifi ko ɗaya. Wanda ya gan ka zai ɗauka ka zautu. Abincin ne zai ruɓe ya ba da amoniyar da bakteriya za su ci. Ka riƙa gwada ruwan da kayan gwaji, irin waɗanda ake ɗiga magani launi ya canja. Ranar da amoniya ta nuna sifili, naitirait ya nuna sifili, naitiret kuma ya bayyana, akwati ya isa a sa masa kifi. Mai son gajarta jira ya nemi tsohon soso daga akwatin da ya daɗe yana aiki, wanda kifayensa ke da lafiya, ya sa a nasa. Ko a nan ma, kaɗan-kaɗan ake ƙara kifi.

Wanda ya fahimci wannan ba sai an gaya masa kada ya wanke soso a bakin famfo ba. Kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambanta na cuta da na amfani. A cikin ruwan da ka kwaso daga akwatin ake matse soso, a mayar da shi da sauran dattinsa. Sabulu kuwa ko kusa da akwati kada ya zo. Kowane mako ka zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana caccakar tsakuwa don datti ya biyo, ka mayar da sabo wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki. Idan kulorin ne zalla, ajiye ruwa a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya ko biyu na rage shi ƙwarai. Amma wasu ma'aikatun ruwa da wani dangin kulorin mai suna kuloramin suke amfani, shi kuma ajiya ba ta korarsa, sai da maganin da aka yi don haka.

Game da girma, sabon shiga yakan ce bari in fara da ƙarami. Ƙaramin ne ya fi wuya, domin ɗan kuskure ya isa ya ɓata ruwa kaɗan. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30 yana cin lita 54, kuma ya isa farawa. Ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da tsakuwa ka haura kilo 60, don haka a duba teburin da za a ɗora shi. A nisanta shi da hasken rana kai tsaye, in ba haka ba gansakuka ta rufe gilashin. Yawancin kifayen ƙasashe masu zafi sun fi jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 27.

Bari in ɗan ratse kan kifin zinariya, wanda ake yawan gani a 'yar ƙwaryar gilashi. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwonsa. Yana wuce santimita 20, yana haura shekara 10, ya fi son ruwa mai sanyi, ga yawan bahaya. A ganina sa shi a 'yar ƙwarya zalunci ne, kuma ba shi ne kifin farawa ba.

Sai abinci. Abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, ya isa. Kifi maroƙi ne, duk lokacin da ka gifta zai taso kamar ya kwana bakwai bai ci ba. Kada ka biye masa. Idan ka ga ruwa ya yi hazo ko ya fara wari, to ruwa ba ya tsami banza, ka fara tuhumar hannunka.

Yanzu mu zo ga haihuwa. Idan ruwa ya zauna, akwai kifayen da hana su haihuwa ma shi ne aiki. Sarkinsu shi ne gupi. Asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa, kuma ya ci sunan wani mutum ne, Robert Guppy, wanda ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan, aka yi masa suna a 1866. Namijin ƙarami ne, mai ado da faffaɗar wutsiya. Macen ta fi girma, launinta a dushe. Alamar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin ciki: fiffiken mace a buɗe yake kamar mafici, na namiji kuwa ya tsuke ya zama kamar tsinke, da shi yake barbara. A haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin naci gare shi, idan mace ɗaya ce zai hana ta sakat.

Gupi ba ta saka ƙwai, 'ya'ya take haifa masu iyo. Cikinta kan kai mako 3 zuwa 4. Idan haihuwa ta kusa, baƙin tabon da ke bayan cikinta yakan ƙara girma, cikin ya yi kusurwa kamar akwati, ta ware kanta a lungu. Babbar mace kan zubo gomman 'ya'ya a haihuwa ɗaya. Wani abin mamakin, tana adana maniyyin namiji a jikinta, ta yadda barbara ɗaya kan ba ta haihuwa da dama a jere. Shi ya sa mutum zai sayo mace ita kaɗai, bayan wata ya tashi ya ga akwati cike da ƙananan idanu.

Matsalar tana farawa ne daga minti na farko. Gupi ba ta san 'ya'yanta ba. Duk abin da ya motsa kuma ya shiga baki abinci ne, ko da ita ta haife shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika wani ɓangare da tsirrai masu duhu, irin gansakukar Jaba da masu yawo a saman ruwa, jariran su samu maɓoya. Wasu za su tsira, wasu a cinye su. Mai son ya tsirar da yawancinsu sai ya tanadi akwati na biyu, ɗan lita 20 ma ya isa, ya mayar da uwar can 'yan kwanaki kafin haihuwa, ya ɗauke ta da zarar ta gama. Akwai 'yan kejin roba da ake rataya mace a ciki, jarirai su faɗo ta ƙasa. Ni ban cika son su ba, don ƙunci na firgita ta, wani lokaci har ta yi ɓari. Haka ma bin ta da raga a kewaye akwati tana da tsohon ciki. Kifi na ganinka, mai jar koma. A lallaɓa a kora ta cikin kofi a ɗauke ta da ruwanta.

A akwatin raino matatar soso ake sawa, wadda famfon iska ke motsawa, domin matata mai ƙarfin zuƙa haɗiye jarirai take. Abincinsu na farko shi ne busasshen abincin manya da aka murtsuke ya zama gari. Amma wanda ya fi sa su girma shi ne jariran atemiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri. Busassun ƙwayayensa ake sayarwa. Ka zuba gishiri kamar giram 25 a lita ɗaya ta ruwa, ka sa ƙwan, ka saka tiyon iska, cikin awa 24 zuwa 36 sun ƙyanƙyashe. Ka tace, ka ɗauraye, ka ba su. Za ka ga cikin jariran ya koma ruwan lemo, alamar sun ƙoshi ke nan. Su sau uku ko huɗu ake ba su a rana, don haka ruwansu ya fi saurin ɓaci, sai an riƙa canja kaɗan a kai a kai.

Masu saka ƙwai kowa da halinsa. Daniyo, mai zane irin na jakin dawa, watsa ƙwai yake ya juyo ya cinye, shi ya sa ake shimfiɗa ƙwallayen gilashi a ƙasa don ƙwan su faɗa inda baki ba ya kaiwa. Beta kuwa, kifin faɗa na ƙasar Tailan, namijin ne mai raino. Yana haɗa sheƙa ta kumfa a saman ruwa, ya nannaɗe macen har ta saki ƙwai, ya bi su ya tsince da baki ɗaya bayan ɗaya ya tofa cikin kumfar. Daga nan a cire macen, don zai far mata. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwai sun fashe, duk jaririn da ya zame ya ɗauko shi ya mayar. Ranar da suka fara iyo da kansu shi ma a ɗauke shi. Bakinsu bai kai na jariran gupi ba, a kwanakin farko sai ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai. A wasu kifayen Tafkin Malawi kuma, uwa ce ke guntse ƙwai a bakinta kusan mako uku, ba ci, har sai 'ya'yan sun isa fita.

Mu koma kan gupi, don a nan lissafi ke kuɓuce wa mutane. 'Ya'yan da aka haifa yau, cikin wata biyu zuwa uku su ma sun fara haihuwa. Tun suna wata ɗaya ka fara duba fiffiken ƙasan nan, ka raba maza da mata. Idan aka bar 'yan uwa na ta barbarar juna zuriya bayan zuriya, akan fara ganin masu karkataccen baya da masu rauni, don haka a riƙa shigo da sabon jini. Baƙon kuma ya yi mako 2 zuwa 4 shi kaɗai tukuna, a tabbatar bai zo da cutar fararen ɗigo ba. Rarar da ta yi maka yawa ka ba wasu masu kiwo, kada ka juye a kogi ko tafki. Gupi da kifin zinariya sun riga sun bazu a ruwayen ƙasashe da dama, suna takura wa kifayen asali.

Ko bayan ka cire maza, kada ka yi saurin kwashe akwatin raino, don manyan matan za su ci gaba da haihuwa na wasu watanni da abin da suka adana. Ka bar soso guda na aiki a lungun babban akwati ko da yaushe. Ranar da ka ga tabon cikin wata mace ya yi baƙi ƙirin, sai ka ɗauko soson da bakteriyarsa, ka cika ƙaramin akwatin da ruwan babban, ka kunna iska.