Amsoshin Tambayoyinku: Tsutsar da ke Cinye Ganyen Kaɗanya

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani manomi a Kontagora. Ya ce tun farkon damina tsutsotsi suka sauka a kan kaɗanyoyin gonarsa, suka cinye ganyen kaf. Yana tambaya, shin bishiyoyin za su mutu? Ko ya fesa magani?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Tsutsar nan ɗiyar wani babban faɗa-wuta ce, wanda masana ke kira Cirina. Da ruwa ya fara sauka, macen takan zuba ƙwai a dunƙule a kan ƙananan rassa. In sun ƙyanƙyashe, tare suke kiwo, suna ɗan kankare ganye. Suna girma suna sake fata, cinsu na ƙaruwa, har su kai ga lamushe ganye su bar jijiyar tsakiya kawai. Mafi yawan ɓarnar a makonnin ƙarshe ake yin ta, shi ya sa za ka ga kamar a dare ɗaya aka yi wa bishiyar aski. Bayan kamar mako 6 sai su gangaro su shige ƙasa, sai kuma baɗi.

Ganye shi ke haɗa wa bishiya abinci da hasken rana. Idan babu shi, dole ta taɓa ajiyarta ta saiwa da gangar jiki kafin ta sake tofo. Babbar kaɗanya na jure wannan, kuma tun da rani take fure, don haka kaɗen bana ya riga ya ƙosa. Ƙananan da ba su yi ƙarfi ba su ne abin damuwa. Su kam, ka riƙa dubawa kana cire ƙwan da hannu.

Batun feshi kuwa, don Allah ka haƙura. Gubar za ta sauka a kan kaɗen da mata da yara ke tsinta, su sha, su yi man kaɗe. Ga shi kuma tsutsar kanta abinci ce: a ƙasar Nufe da Kwara ana busar da ita a kai kasuwa, haka ma a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Kashin da take zubarwa a gindin bishiya ma taki ne ga gonarka.

Sai wasiƙa ta gaba.