Amsoshin Tambayoyinku: Batirin Sifikar da Ka Haɗa da Hannunka

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani matashi take a Bajoga. Ya ce ya haɗa akwatin katako, ya sa lasifika biyu da ƙaramin amfilifaya PAM8403, ya kuma ciro batura daga tsohon batirin laftof. Yana tambaya ko zai iya yanke kan cajar waya ya jona ta a jikin batirin.

Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Waɗannan batura su ake kira 18650, don kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Ƙarfin kowanne bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, iyakarsa ke nan. Ita kuwa caja bolt 5 take bayarwa, kuma ba ta san batir ya ƙoshi ba. Ko a wayarka, wani ɗan sashe ne a ciki yake tsayar da cajin. Batirin lithiyam in aka yi masa ɗura, zafi yake ɗauka, wani lokaci ya kama da wuta, kuma ga shi a cikin katako, a ɗakin da kake kwana.

Abin da za ka nema wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo shi ne TP4056, ɗan allo ne da bai kai gidan ashana ba. Ka ce a ba ka mai kariya, wanda ke da wurin jona batir daban, wurin fitar wuta daban. Shi zai tsayar da caji a 4.2, ya kuma yanke wuta kafin batirin ya zuƙe, domin zuƙewar ma kashe shi take yi. Batir biyu ko uku, haɗa su kai da kai, gindi da gindi, amma ka fara auna su da mita, ƙarfinsu ya zo ɗaya. In kana son sauti ya ƙara tashi, sa wani ɗan allo da ake kira MT3608 ya ɗaga wutar zuwa bolt 5. Ka saita shi da mita kafin ka jona, don in ya wuce haka da yawa amfilifayar za ta ƙone.

Sai wani malamin Islamiyya a Pantami, nan cikin Gombe, da amfilifayarsa ke son bolt 12, yana tambaya yadda zai haɗa nasa baturan. Allah ya gafarta Malam, naka daban ne. Batura uku za a jera kai da gindi, su ba da 12.6 in sun cika. TP4056 ba ya wannan aikin. Allon kariya da ake kira BMS, na batir uku, za a sa, mai daidaita su kada ɗaya ya cika ya bar 'yan'uwansa, da caja mai bolt 12.6. Kada a gauraya sabo da tsoho.

Malam ya kuma tambayi batura masu rubutun 9900mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Ƙarya ce. Na gaske a wannan girman ba sa nisa da 3500. Batirin da rigarsa ta yage ko ya lotsa, a ajiye shi gefe. Kuma da zafin Maris da Afrilu, a riƙa caji a inuwa, kan siminti, ba kan katifa ba.