Sharhi: Insuleta na roba, wa ya gwada shi a ƙurarmu?

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Akwai maganar da ke yawo a bakin wasu 'yan kwangila, wai a sauke insuletocin tangaran da na gilashi daga manyan layukan wuta a sa na roba, shi kenan an huta. Wallahi maganar nan ta ishe ni.

Insuleta dai shi ne abin nan da kuke hangowa jere kamar faranti tsakanin waya da ƙarfen turke, shi ke riƙe wayar, shi ke hana wuta bin ƙarfe ta sauka ƙasa. Layin TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, mai ƙarfin 330kV (wato volt dubu 330) da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna har Kano, da mai 132kV da ke kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi, duk a jikin wannan ɗan abu suke rataye. Na roban kuwa sanda ce ta zaren gilashi, an lulluɓe ta da robar silikon mai fuka-fukai, da ƙarfe a kai da gindi.

Ni ban ce ba shi da amfani ba fa. Ba nauyi, yaro ya harbe shi da danko ba zai fashe ba, kuma ruwa ba ya shimfiɗuwa a jikin silikon sai dai ya tsaya ɗigo-ɗigo, wuta ta rasa hanyar bi. Duk na yarda. Tambayata ɗaya ce, wa ya gwada shi a nan?

Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi wata da watanni take kwanciya a kan layukan nan, ranar da raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanyar wuta, tartsatsi ya fara cin robar a hankali. Ga ranar Maris da Afrilu a Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40, roba mara kyau ta sha wannan rana shekara da shekaru sai ta yi fari, ta tsattsage, ruwan da take korewa ya fara kwanciya a kanta. Abin da ya fi ɗaga min hankali ma shi ne na gilashi in ya lalace fashewa yake, ma'aikaci daga ƙasa zai hango gurbin. Na roba ɓoye ciwonsa yake. Danshi ya samu kafa ta inda roba ta haɗu da ƙarfe, tartsatsi da danshin su haifar da asid, asid ya dinga cin zaren gilashin daga ciki, a waje kuma lafiya lau kake gani, kwatsam sanda ta karye waya ta faɗo. To wa ke dubawa?

Za su ce ai China da Turai da shi suke aiki. Haba malam! Su ma na farkon da aka rataya a shekarun 1970 da yawa kunya suka bayar, sai da aka koma aka gyara haɗin robar da yadda ake rufe bakin ƙarfen, aka kafa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa irin su IEC 61109 na gwada insuletan da IEC 60815 na zaɓensa daidai da dattin wuri. Gwaji ne ya kai su inda suke, mu kuma so ake mu tsallake gwajin mu tafi kan rasit.

Mun ga abin da layi ɗaya ke jawowa. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa kwana da kwanaki ta yi cikin duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna. Wancan ɓarna ce ta mutane, amma waya in ta faɗo duhun iri ɗaya ne.

Don haka kafin a sa hannu a wata takardar saye, a auna yawan ƙurar da ke kwanciya a kowane yanki, inda ta yi yawa a sa mai dogon jiki da ƙarin fuka-fukai. A kan 330kV kada a rataya ko ɗaya babu zoben ƙarfen nan da ke rage tartsatsi. NEMSA, hukumar da ke duba ingancin kayan wutar lantarki, da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, su ɗebi samfuri daga kayan da aka shigo da su su kai ɗakin gwaji, kada su tsaya a takardar da mai kaya ya miƙo. Waɗanda ke sama kuma a bi su da kyamarar da ke gano zafi da mai gano tartsatsi, a sauke wasu bayan 'yan shekaru a fesa musu ruwa a ga ko har yanzu suna kore shi, a yanka a duba cikin sandar. A yi wannan kafin damina ta faɗi.