Jan Ido da Farin Ido: Lacca a Kan Ƙudan 'Ya'yan Itace

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. A bar fitilar a kunne, hoto biyu ne kawai zan nuna, sauran duk a allo za mu yi.

Abubuwa huɗu na rubuto a wannan takarda. Na ɗaya, ƙudan kansa. Na biyu, yadda ake gadon launin idonsa. Na uku, inda launin yake fitowa. Na huɗu, amfanin da masu bincike suke yi da shi a yau. Waɗanda suka san ni sun san ba lallai ne mu kai na huɗun ba. (dariya)

Ƙudan da muke magana a kansa ba ƙudan gida ba ne mai bin shara. Ɗan mitsitsin nan ne da yake taruwa a kan 'ya'yan itace idan sun nuna sun fara ruɓewa, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Masana suna ce masa Drosophila melanogaster, ni kuwa ƙuda kawai zan riƙa cewa don kada harshena ya karye. Daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa cikakken ƙuda, kwana 10 ne idan ɗumin ɗakin yana digiri 25. Kuromosom ɗinsa, wato zaren da ƙwayoyin gado suke jere a kai, tagwaye 4 ne kacal, mu kuwa namu 23. Idonsa ja ne mai ɗan duhu, irin jan bulo. Kuma abin da kuke gani kamar ido ɗaya, ƙananan idanu ne kusan 800 a manne da juna. Shi ke nan na ɗaya, mu wuce.

A shekarar 1910, a Jami'ar Columbia da ke birnin New York a Amurka, akwai wani malami, Thomas Hunt Morgan, da yake kiwon waɗannan ƙudaje a kwalaben madara, yana ciyar da su da ayaba. Ɗakin ɗan ƙarami ne, har yau ana kiransa ɗakin ƙuda. Abin dariyar shi ne Morgan a lokacin bai gamsu da dokokin gado na Mendel, masanin da ya fara tsara su, ba, bai kuma yarda cewa kuromosom ne yake ɗauke da gado ba. Ya shafe kusan shekara biyu yana jiran ya ga wani sabon hali ya ɓullo, shiru kake ji. Sai rana ɗaya ga namiji guda mai farin ido a tsakiyar dubban jajaye.

Ya haɗa shi da mata masu jan ido. 'Ya'yan farko 1,237 suka fito da jan ido. Ya haɗa 'ya'yan da junansu, sai jikoki suka fito haka, ku rubuta: mata masu jan ido 2,459, maza masu jan ido 1,011, maza masu farin ido 782. Mata masu farin ido fa? Ko ɗaya. Ku sake duba allon. Ko ɗaya babu. Farin ya koma ya ɓuya a 'ya'ya, ya sake fitowa a jikoki, amma a maza kawai.

Dalilin shi ne ƙwayar gadon tana zaune a kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, idan ɗaya ya sami matsala ɗayan ya rufa masa asiri. Namiji X ɗinsa ɗaya ne, daga uwarsa ya samo shi, abin da ta ba shi da shi zai fita bainar jama'a. Shi ya sa idan aka juya, aka haɗa mace mai farin ido da namiji mai jan ido, duk 'ya'ya mata jajaye, duk 'ya'ya maza farare. Haka rashin bambance ja da kore yake tafiya a cikin mutane, haka ciwon rashin daskarewar jini, shi ya sa suka fi kama maza. Ɗalibin Morgan, Alfred Sturtevant, ya buga taswirar farko ta jerin ƙwayoyin gado a 1913, Calvin Bridges ya kawo hujjar da ta rufe gardamar kuromosom a 1916, Morgan ya karɓi kyautar Nobel a 1933. Wannan duk yana cikin littattafanku, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Abu guda dai, game da suna. Morgan ya raɗa wa ƙwayar gadon nan white, wato fari. Amma aikinta fa ba kawo fari ba ne, sai ta lalace ake ganin fari. Kamar a ce mai gadi ne, aka sa masa suna Sata don ranar da bai zo aiki ba aka yi sata. (dariya) Haka masu ƙuda suke raɗa suna har yau. Duk shekara sai ɗalibai sun faɗi wannan tambaya a jarrabawa, to na gaya muku, na fita haƙƙinku.

Na biyu... a'a, na uku muke, ko? To, ko ma na nawa ne, nan ne zuciyata take.

Jan idon nan ba launi ɗaya ba ne. Sinadarin launi iri biyu ne a haɗe. Akwai ja mai haske, wanda jikin ƙuda yake ƙerawa daga wani sinadari da ake kira GTP. Akwai kuma ruwan ƙasa, wanda ake ƙerawa daga tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Ka zuba ruwan ƙasa a kan ja mai haske, ka sami jan bulo. To yanzu a cire ruwan ƙasan, me zai rage? Ja zur. Akwai ƙudaje iri uku masu irin wannan ido: vermilion, cinnabar, da scarlet. Da ido ba za ka iya raba su ba sai da ƙyar, amma na farko a kan X matsalarsa take, na biyu a kuromosom na 2, na uku a kuromosom na 3. A cire jan kuma, ruwan ƙasa ya rage, wannan shi ake kira brown. Idan ƙuda ya gaji lalurar cinnabar da ta brown gaba ɗaya fa? Wani ya faɗa. Eh, ke mai littafi a gaba, daidai ne: fari. Farin ido, alhali ƙwayar white ɗinsa lafiyarta ƙalau. Hanya biyu ke nan zuwa fari.

Tambayar da ta dami mutane ita ce, ta yaya ƙwayar gado take yin launi? Ba wanda ya san cewa ƙwayar gado sinadarin DNA ce ma a lokacin. Sturtevant ya lura tun 1920 cewa vermilion yana da wani baƙon hali: idan idon vermilion ne amma sauran jikin lafiyayye ne, sai idon ya fito da launin lafiya, kamar yana aron wani abu daga maƙwabta. Wannan zaren ne wani ɗan Amurka, George Beadle, da Boris Ephrussi suka kama a birnin Paris na Faransa a 1935.

Ku saurari abin da mutanen nan suka yi. A cikin tsutsar ƙuda akwai wani ɗan ƙullin tsoka da zai zama ido nan gaba. Sai su ciro shi daga tsutsa ɗaya da siririyar allurar gilashi, su cusa shi a cikin wata tsutsar. Tsutsa fa, jama'a! Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mutum biyu a zaune, kowa da madubinsa na ƙara girma, hannu huɗu a kan tsutsa ɗaya. Idan ta rayu ta zama ƙuda, sai ka sami ƙuda mai ido uku, biyu a ka, ɗaya a cikin ciki. Na cikin ba ya ganin komai, amma yana yin launi. Sai a farke cikin a duba launin. Ni na taɓa gwada allurar tsutsa ina ɗalibi, duk waɗanda na taɓa ba wadda ta kwana. (dariya) Don haka idan na ce ina girmama hannun mutanen nan, na san abin da nake faɗa.

Yawancin idanun da suka dasa ba su canza ba. Idon white a cikin lafiyayyen ƙuda, fari ya fito. Amma idon vermilion a cikin lafiyayye ya warke, ya yi jan bulo. Idon cinnabar ma ya warke. Wato akwai wani abu da yake yawo a ruwan jikin mai masaukin, wanda baƙon ido yake sha ya ƙarasa aikinsa. To nan ne suka yi abin da nake so. Suka ce bari mu dasa marasa lafiyan a cikin junansu.

Idon vermilion a cikin tsutsar cinnabar: ya warke. Idon cinnabar a cikin tsutsar vermilion: bai warke ba.

Bari in maimaita, don wanda ya gane wannan ya gama da laccar yau, yana iya tafiya. (dariya) A zauna, wasa nake. Vermilion a cikin cinnabar, ya warke. Cinnabar a cikin vermilion, bai warke ba. Me ya sa abin bai zama ba ni in ba ka ba?

Ku ɗauka ma'aikata ne a jere suna miƙa kaya hannu da hannu. Na farko ya karɓi tiriftofan ya sarrafa, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya sarrafa ya miƙa gaba har a sami ruwan ƙasa. A gidan vermilion, na farko ne bai zo aiki ba, na biyu yana nan a tsaye hannu sake. A gidan cinnabar, na farko yana ta aiki, kaya sun taru jibgi, na biyun ne babu. To ka kai idon vermilion gidan cinnabar, ya tarar da kayan na farko a zube, shi kuma ga na biyunsa a shirye, sai aiki ya tashi. Amma ka kai idon cinnabar gidan vermilion, abin da yake nema kayan na biyu ne, gidan kuwa ko na farko ba a yi ba. Me za a ba shi? Babu.

Ba su ga sinadarin da idonsu ba, ba su san sunansa ba, amma sun gano cewa matakai ne a jere, sun gano wanda yake gaba da wanda yake baya, kuma kowace ƙwayar gado da matakinta. Da allura da tsutsa! Daga baya, a 1940, Adolf Butenandt da abokan aikinsa a Jamus suka tabbatar cewa kayan na farkon nan sinadari ne da ake kira kainurenin. Sun riga Edward Tatum, wanda yake ta fama da neman abin tare da Beadle a Jami'ar Stanford. Beadle da Tatum suka bar ƙuda suka koma kan wani irin fumfuna mai suna Neurospora, a 1941 suka fito da abin da ya zama ƙa'idar ƙwayar gado ɗaya, enzayim ɗaya, wato furotin mai yin aikin mataki ɗaya kamar ma'aikatan nan, suka sami Nobel a 1958. Littattafai suna fara labarin daga fumfunar. A ganina wannan rashin adalci ne ga ƙuda, a cikin cikinsa aka fara ganin abin.

Saura white. Me ya sa shi bai warke ba ko a lafiyayyen gida? Don shi ba ma'aikacin layi ba ne, ƙofa ne. Furotin ɗin white shi yake shigar da kayan aiki cikin 'yan jakunkunan da ake tara launi a ƙwayoyin ido. Ba ya aiki shi kaɗai: idan ya haɗu da furotin ɗin scarlet sai su shigar da kayan ruwan ƙasa, idan ya haɗu da na brown sai su shigar da kayan ja. Kun ga ke nan, scarlet ya lalace, ƙofa ɗaya ta rufe. Brown ya lalace, ɗayar ta rufe. White ya lalace, duka biyun sun rufe, ko ka jibge kaya a waje ba mai shigar da su.

Na biyar... ban ce biyar ba? To. Akwai aikin Hermann Muller, wanda a 1927 ya nuna cewa hasken hoton ƙashi yana sauya ƙwayoyin gado, a 1930 kuma ya sami ƙuda mai ido dabbare-dabbare, ja da fari, saboda white ta koma zama kusa da wani curarren sashe na kuromosom, tana aiki a wasu ƙwayoyi tana yin shiru a wasu. Wannan laccar wata rana ce. Na ga hannu a can. Bismillah, malama.

Mai tambaya: Malam, shi mai farin idon, yana gani kuwa?

Yawwa! Allah ya yi miki albarka, da na manta. Yana gani. Launin nan da muka yi ta magana a kai ba shi ne mai kama haske ba, mai kama haske wani sinadari ne daban, rodofsin, irin wanda yake cikin idonmu. Ja da ruwan ƙasan nan labule ne tsakanin ƙananan idanun 800, don hasken da ya shiga ɗaya kada ya tsallaka ya dami na kusa. A cire labulen, haske ya watsu ko'ina, gani ya yi dishi-dishi, haske mai ƙarfi kuma ya fi cutar da shi. Namijin ma bai kai mai jan ido iya neman mace ba. Kuma white ba a ido kaɗai take aiki ba, tana aiki har a ƙwaƙwalwa.

Wannan ya dame ni, kuma ga na huɗun ya shigo ta taga. Tun 1982, da Gerald Rubin da Allan Spradling suka fara saka wa ƙuda sabuwar ƙwayar gado, launin ido ne shaidarsu. Su da wata ƙwayar gadon launin ido mai suna rosy suka yi, yanzu kuwa white aka fi amfani da ita. Ka ɗauki ƙuda mai farin ido, ka saka masa abin da kake son gwadawa haɗe da lafiyayyar white, duk ɗan da ya fito da ido ja ko ruwan lemo, ka san saƙonka ya shiga. Dabara ce mai kyau. Amma sai ka ga mai binciken barci ko neman mace yana kwatanta sakamakonsa da ƙuda mai farin ido, yana kiransa lafiyayye. Ƙudan da yake gani dishi-dishi! Idan kun karanta irin wannan takarda, ku fara duba launin idon ƙudajen da aka yi kwatancen da su.

Ana nuna mini agogo. Hoton na biyu ban ma nuna ba, shi ne na idon da aka dasa a ciki. A kashe fitilar minti ɗaya, masu sauri su tafi, sauran ku matso.