Kuɗin Haya da Barcin Magidanci

(An rubuto wannan daga muryar da aka naɗa a wajen wata lacca da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gabatar a Sakkwato. An bar maganar kusan yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, barkanku da zuwa. Iyayenmu mata da ke can baya, kuna jina? To a ɗan ƙara lasifikar nan. Madalla.

An ce in yi magana kan tsadar gidaje da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ga wasu sun kalli juna. Na san dalili, mu a nan da an ce ƙwaƙwalwa sai zuciyar kowa ta tafi asibitin masu taɓin hankali na Kware. (dariya) Ku kwantar da hankalinku, ba wanda za a ɗauka yau. Abu huɗu zan faɗa in zauna.

Na farko, me ya sa gida ya yi tsada a garin nan? Wannan kun fi ni sani, ba zan daɗe a kai ba. Mutane sun ƙaru. 'Yan uwanmu na Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, da yawa nan cikin gari suka taho. Ga ɗalibai, ga ma'aikata. Sannan kayan gini: kamfanin siminti yana nan Kalambaina, muna kallon hayaƙinsa, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama na ƙasar nan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, tifar yashi, rodi, kwano, komai ya bi. Shi ke nan na farko.

Na biyu, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku: yadda muke biyan haya. Ban ce yawan kuɗin ba tukuna, yadda ake biya nake nufi. Albashi wata-wata yake zuwa. Ɗan kabu-kabu kullum yake samu. Mai tebur a kasuwa kullum yake samu. Amma haya ta shekara ce, dunƙule, a gaba, ga kuɗin dillali a kai in sabon shiga ne. Wa ya tsara mana haka?

Bari mu yi lissafi, wanda ke da waya ya danna. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. A Amurka suna da wani ma'auni, in haya ta cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da gida ke samu, to gidan yana cikin matsi. Kashi 30 na 70,000 nawa ne? 21,000. Sau wata 12, 252,000. To mai wannan albashin, da mata da yara, ya ajiye 21,000 kowane wata, kada ya taɓa, ko yaro ya kwanta ciwo, ko an yi haihuwa, ko Sallah ta zo. Malam na gaba yana girgiza kai. Ai ka ga inda zancen yake.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne wannan. Allah ya yi mu da wata hanyar kare kai. In ka haɗu da abin tsoro, jiki ya saki sinadarai, akwai wanda muke kira kotisol, zuciya ta ƙara bugu, barci ya gudu, domin ka tsere ko ka kare kanka. An yi shi ne don haɗarin da zai zo ya wuce. Haya kuwa ba ta wucewa. Saura wata uku, saura wata biyu, mai gida ya aiko yaro, mai gida ya kira waya ka ƙi ɗauka. Sai jiki ya zama kamar mashin da aka bari a kunne dare da rana. Ka biya ta bana da ƙyar, da bashi, washegari ka fara tunanin ta baɗi.

Kuma mutanenmu ba sa zuwa asibiti su ce likita ina da ciwon damuwa. A'a. Cewa suke kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, olsa ta tashi. A sha maganin maleriya, a sha na taifot, a sake sha. Sai ka zauna da mutum ka ce, Alhaji, ƙarfe nawa kake barci? Ya ce barci kuma? Ka ce gidan da kake ciki naka ne? Ya yi shiru. Daga nan hira ta fara. Ni tambayar nan ta gida ba na barin ta, ba na barin ta ko kaɗan.

Kada wani ya ce ai talauci ne kawai. Akwai talakan da ke zaune a gidan gado a Kanwuri ko Ƙofar Atiku, ginin ƙasa, tuwo da ƙyar, amma yana barci, don ba wanda zai ce masa tashi. Akwai ma'aikaci mai ciki da falo a Mabera, da fanka da talabijin, ba ya runtsawa. Bambancinsu tabbas. Wannan ya san inda zai kwana baɗi, wancan bai sani ba. Malamai suna nan, su gyara mini: akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ku duba wanda aka fara ambata.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila, shekarar 2011, gwamnati ta rage tallafin da take ba masu ƙaramin ƙarfi na biyan haya. Masu bincike suka bi sawu, suka ga ciwon damuwa ya ƙaru a cikin waɗanda abin ya shafa. Mutanen nan ba aikinsu aka ƙwace ba, ba ciwo suka yi ba, kuɗin haya ne kawai ya gagara. A Amurka ma, lokacin rikicin bashin gidaje na 2008, da bankuna suka riƙa ƙwace gidaje, an samu waɗanda suka kashe kansu saboda haka. Allah ya tsare mu.

Kuma damuwar ba ta tsayawa kan maigida. Ya shigo fuska a murtuke, uwargida ta ce gishiri ya ƙare, sai faɗa. Gishiri ne? Ba gishiri ba ne. (dariya) Iyayenmu mata sun gane. Yara na kallo. Sau nawa aka yi saki a kan abin da bai kai ya kawo ba, alhali notis ne ke cikin aljihu?

Na uku… an miƙo mini takarda, wai saura minti biyar. To. Cunkoso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan gidaje da lafiya a 2018, cunkoso na cikin abin da ta ja hankali a kai. Ku ɗora zafin Sakkwato a kan wannan: watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, an ɗauke wuta, mutum bakwai a ɗaki guda mai rufin kwano. Wanda bai yi barci ba, ba ya da haƙuri.

Sai tashi zuwa bayan gari. Haya ta kore ka daga unguwar da aka san ka, ka koma can wajen Arkilla ko Tamaje. Ka samu sauƙi, amma ka bar majalisarka, ka bar masallacinku, matarka ta bar maƙwabciyar da take bar wa yara. Wannan na uku ne ko na huɗu? Ku dai riƙe. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi. Wanda ake cire masa ya je ya tambayi haƙƙinsa. Na ga hannu. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo:) Allah shi gafarta likita. Ni mai gida na. Ɗakuna shidda gare ni, da kuɗɗin sallamata na gina su, da su nike ci da iyali. Duk kun ɗora muna laifi. Ni ma ban barci. Wani shekara biyu bai biya ba, kuma ina jin kunyar in kore shi. Mi za ni yi?

Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ka yi gaskiya, kuma kai ma irin wanda nake magana a kansa ne. Ciwonku ɗaya da ɗan hayarka, kai ba ka san ko zai biya ba, shi bai san ko za ka kore shi ba, kuma kunya ta hana ku zama ku yi maganar. Ga abin da zan ce. Ka kira shi, da liman ko mai unguwa, a rubuta. Tsohon bashi a raba shi kaɗan-kaɗan. Na gaba kuma ka gwada karɓa wata-wata ko bayan wata uku, tunda kai ma cefane kullum kake yi, ba shekara-shekara ba. A Legas tun 2011 doka ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya a gaba daga sabon ɗan haya, ka ga har gwamnati ta san dunƙulen nan matsala ne. In kuma rabuwa ta zama dole, galibin dokokin haya a ƙasar nan suna ba mai hayar shekara notis na wata shida, sai in an rubuta wani sharaɗi daban. Ka ba shi lokacinsa, kada a cire ƙofa, kada a kware rufi.

Batun barcin naka kuma, Baba, in ya kai mako biyu zuwa uku, abinci ba ya shiga, abin da kake so da can ya fita ranka, ka je a duba ka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashenmu, Kware ma tana nan, kuma ba sai wanda ya tuɓe riga ake kaiwa ba. A auna hawan jini ma. Ka same ni bayan an tashi.

An kira la'asar ko? To sauran tambayoyin a rubuto su, a ba mai gabatarwa. Wassalamu alaikum.