Amsoshin Tambayoyinku: Daga Luksor zuwa Aswan a kan Kogin Nilu

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da suka taru a wannan mako galibinsu a kan abu guda suke, wato tafiyar da ake yi cikin jirgin ruwa a kan Kogin Nilu domin ganin haikalai da kaburburan sarakunan Masar na dā. Su za mu ɗauka yau, iya abin da lokaci ya ba mu.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Maraɗi. Ya ce yana zuwa Alƙahira sarin kaya, har ya taɓa ganin dalar Giza, to yana son sanin ko daga Alƙahira ake shiga jirgin, kuma kwana nawa ake yi.

To Alhaji, yawancin jiragen ba daga Alƙahira suke tashi ba. Sai ka gangara kudu zuwa Luksor, tafiyar kimanin kilomita 650, ko dai a jirgin ƙasa na dare ko a jirgin sama, wanda ke ɗaukar wajen awa guda. Tsakanin Luksor da Aswan jiragen ke kai da komo, tazarar kilomita 200 da ɗoriya. In daga Luksor ka taso, kwana huɗu ake yi, don jirgi na gaba da ruwa ne. In daga Aswan ne kwana uku, don ruwan ne ke tura shi. Nilu daga kudu yake malala zuwa arewa, iska kuwa daga arewa take kaɗawa zuwa kudu. Wannan ya sa mutanen dā suka samu hanya biyu a kogi ɗaya: mai zuwa arewa ya bi ruwa, mai zuwa kudu ya buɗe filafilai iska ta kai shi. Har a rubutunsu na zane, tafiya kudu da jirgi mai buɗaɗɗen filafili suke nuna ta.

A hanya za ku tsaya a Esna, inda jirgi ke shiga wata ƙofar ruwa a rufe, a cika ta har ya ɗago, sannan a buɗe masa gaba. Yayin da jirage ke jiran layi, 'yan tireda kan zo cikin ƙananan kwale-kwale su ɗaura igiya a jikin jirgin. Mutum na tsaye a ƙasa zai naɗe jallabiya ko mayafin tebur cikin leda, ya wurgo ta har hawa na huɗu, ta faɗo a gabanka. Ku yi ciniki da ihu da yatsu. In kun daidaita ka sa kuɗin a ledar ka jefa masa, in ba ku daidaita ba ka mayar masa da kayansa, kuma da wuya ka ga ledar ta faɗa ruwa. Daga nan sai Edfu, inda haikalin Horus yake, wato abin bautarsu mai kan shaho, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kammala a ta 57. Rairayi ne ya binne shi ɗaruruwan shekaru, shi ya sa har rufinsa yana nan. Sai Kom Ombo a bakin ruwa, haikalin da aka raba gida biyu, rabi na Horus, rabi na Sobek mai kan kada, da ɗan gidan tarihi a gefe cike da busassun gawarwakin kadoji.

Shawarata gare ka, Alhaji, ita ce ka ƙara kwana ɗaya ko biyu a Luksor kafin ka shiga jirgi. Masu shirya tafiya sukan cusa haikalin Karnak da haikalin Luksor da Kwarin Sarakuna da haikalin Sarauniya Hatshefsut cikin yini ɗaya da rabi, mutum ya fito bai san wanne ne wanne ba. Babban zauren Karnak kaɗai ginshiƙai 134 ne a cikinsa, goma sha biyu na tsakiya kowanne ya haura mita 20. Wurin da za a zauna a ɗaga kai ne, ba wurin da za a ratsa a guje ana bin tutar ɗan jagora ba.

Wata malamar makaranta daga Kumasi ta ce ɗalibanta sun tambaye ta, in dai dala ce kabarin Fir'auna, me ya kai kaburbura cikin kwari a Luksor? Kuma me ake gani a ciki?

Malama, tsakanin biyun akwai fiye da shekara dubu. Babbar dalar Giza ta Sarki Khufu an gina ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dala kuwa daga nesa take shelar inda dukiya take, kuma ɓarayi sun amsa kiran. Sarakunan da suka zo daga baya, daga wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka koma haƙa kaburburansu a ɓoye cikin duwatsun yamma da kogi. Yamma suka zaɓa don nan rana ke faɗuwa, gabas kuma aka bar wa masu rai da manyan haikalai. Kaburbura sama da 60 aka gano a Kwarin Sarakuna, kuma duk da ɓoyon kusan duka an yashe su tun zamanin dā. Na Tutankhamun ne ya tsira da yawancin kayansa, har Howard Carter, wani Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, ya gano shi a watan Nuwamba na 1922 da kaya sama da 5,000. Kayan an kwashe su zuwa Alƙahira, amma gawar tana nan cikin kabarin a akwatin gilashi.

In ka shiga, wani dogon lungu ne ke gangarawa da kai cikin dutse, kana taka katako, iska na ƙara nauyi. Bango dama da hagu rubutu ne da zane tun daga ƙasa har sama. Rufin shuɗi ne mai duhu, an yayyafa masa taurari ruwan ɗorawa, kuma launin bai kwanta ba duk da shekara sama da 3,000. Tikitin shiga na kabari uku ne. Na Tutankhamun da na Seti na Ɗaya kowanne da kuɗinsa daban.

Amma Malama, in kin samu zuwa, ki roƙi a kai ki Deirul Madina, ko da ba ya cikin tsarin tafiyar. Ni a wajena ya fi ko'ina taɓa zuciya. Ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan nan ne, gidaje wajen 70 a jere, da titi guda a tsakiya. An samu dubban ɓallin dutse da sakaina da suka yi rubutu a kai, har da rajistar fashin aiki: wane bai zo ba kunama ta harbe shi, wane yana jinyar mahaifiyarsa. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, da aka yi jinkirin ba su hatsin da shi ne albashinsu, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikalin sarki, suka ce yunwa da ƙishirwa ne suka kawo su. Wannan ne yajin aiki na farko da aka samu a rubuce. A kabarin ɗaya daga cikinsu, Sennedjem, ɗan ɗaki ne ƙarami, an zana shi da matarsa cikin fararen kaya suna huɗa suna girbi. Ɗalibanki za su fi gane wannan mutumin fiye da kowane sarki.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Sakkwato, mai tambaya biyu. Ya halatta Musulmi ya shiga wuraren da aka bauta wa gumaka? Kuma gaskiya ne gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS) tana can ana kallonta?

Baba, Allah ya ƙara girma. Hukunci na malamai ne, kuma sun yi magana. Waɗanda suka tsananta suna kafa hujja da abin da ya faru a Hijir, gidajen Samudawa, a kan hanyar Tabuka, inda Manzon Allah (SAW) ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai mutum yana kuka. Waɗanda suka halatta, ciki har da hukumar fatawa ta Masar, suna kafa hujja da ayoyin da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, da kuma cewa sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi wajen shekara ta 641 Miladiyya, gine-ginen kuma suna nan tsaye har yau. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan niyya: a je don wa'aztuwa da ilimi. A cikin haikalin Luksor ma akwai masallacin Shehu Abul Hajjaj, malamin ƙarni na 13. An gina shi lokacin da ƙasa ta binne haikalin, da aka tone sai tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama a jikin bango. Har gobe ana salla a cikinsa.

Game da gawar, Alƙur'ani a Suratu Yunus ya faɗi cewa an tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya, amma bai ambaci sunansa ba. Masu bincike da yawa suna nuna Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu kuma ɗansa Merneftah. Ba a samu rubutun da ya yanke magana ba. Gawarwakin biyu ba sa Luksor, suna gidan tarihi na Fusɗaɗ a Alƙahira, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 a watan Afrilun 2021. Akwai kuma maganar da ke yawo a wayoyi cewa gishirin da aka samu a jikin gawar shi ne shaidar nutsewa a teku. A yi hattara da ita, Baba. Duk gawar da suka adana da kanwa suke busar da ita, kwana 40 tana binne a ciki, cikin hidimar da ke ɗaukar kwana 70. Don haka gishiri a jikin gawar Masar ta dā ba na mutum ɗaya ba ne. Ayar Allah ba ta buƙatar a tallafe ta da hujja mai rauni.

Wani saurayi daga Garwa ya ce ya ji duk wanda ya shiga kabarin Tutankhamun sai la'ana ta bi shi. Ɗan'uwa, labarin ya samo asali ne daga mutuwar Lord Carnarvon, attajirin Ingila da ya ɗauki nauyin tonon, a watan Afrilun 1923. Cizon sauro ne ya ruɓe masa bayan ya yanke wurin da aska, jaridu suka ɗora nasu a kai. Carter, wanda shi ya fasa ƙofar da hannunsa, ya rayu har 1939.

Daga Mai Wurno a Sudan, wani ɗan'uwanmu ya ce an gaya masa sai an tashi mutum da asubar fari kafin a je Abu Simbel, shin wahalar ta cancanta?

Ta cancanta, Malam. Daga Aswan kimanin kilomita 280 ne a mota cikin hamada, dab da iyakarku. Ramsis na Biyu ne ya sa aka sassaƙa haikalin a jikin dutse, da mutum-mutuminsa huɗu a zaune, kowanne wajen mita 20. Da aka fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1960, aka ga ruwa zai cinye shi, sai hukumar UNESCO ta yi yekuwa ga duniya. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalin gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi mita 65 sama, aka sake harhaɗawa. An kiyaye fuskar da yake kallo, har yanzu a ranakun 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba hasken fitowar rana na ratsawa zuwa ƙuryar ciki. Haikalin Fila shi ma haka aka kwashe shi zuwa tsibirin Agilkiya. Duwatsu sun tsira, amma dubun-dubatar Nubiyawa a Masar da Sudan sun rasa ƙauyukansu da gonakin dabinonsu, tsohon garin Wadi Halfa ma yana ƙarƙashin ruwan. Wanda ya je kallo ya kamata ya san wannan. In kuma ka isa Karnak, ka nemi dogon ginshiƙin Taharƙa a farfajiyar farko. Sarki ne daga ƙasar Kush, Sudan ta yau, cikin waɗanda suka mulki Masar gaba ɗaya kimanin shekara 2,700 da suka wuce.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Kano, mai son tafiya da mahaifiyarta bayan sun gama ganin likita a Alƙahira. Tana tambayar lokacin da ya dace da abin da za su kiyaye.

Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Ku nufi tsakanin Oktoba da Afrilu. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Luksor kan haura digiri 40, kuma Kwarin Sarakuna ba inuwa. Ku fita da sassafe, ku riƙe ruwan gora, ku sa takalmi mai taushi. Kada Mama ta ce sai ta shiga kowane kabari. Na Ramsis na Huɗu yana kusa da ƙofar shiga, gangararsa ba ta da tsanani, launinsa kuma ya isa kallo. Ku tambayi kamfanin ko jirgin yana da lif, don da yawansu matakala ce kawai, kuma a tasha jirage kan jeru gefe da gefe, sai kun ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ku taka ƙasa. Ku tabbatar ko kuɗin tikitin shiga wurare da na Abu Simbel suna cikin abin da kuka biya, a rubuce. Ku riƙe katin banki don tikiti, da canji a hannu don bakshish, wato ɗan ihsanin da masu gadi da direbobi ke tsammani. A Edfu, ku gama ciniki da mai keken doki kafin ku hau, kuɗin zuwa da dawowa. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo. Alƙibla daga wannan yanki gabas maso kudu take, amma jirgi na juyawa da kogi, don haka ku tambayi ma'aikatan jirgin kafin kowace salla, su ma masallata ne.

Nan lokaci ya kawo mu. Sauran wasiƙun da suka shafi dalolin Giza da Saƙƙara za mu ɗauke su a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.