Kirsimeti a kan Kogin Sen, bikin da ba a shiga sai da suna a takarda

Jama'ar Maraɗi, ina gaisuwa daga cikin jirgin ruwa a kan Kogin Sen, a birnin Paris. Ku dubi matar can mai jar riga, wadda take gudu a bakin ruwa tana ɗaga hannu. Abokiyar aikinmu ce, sito ɗaya muke ɗaga kwalaye da ita. Metro ne, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ya tsaya da ita a hanya, kafin ta iso an janye matakala an kwance igiya. Na je wurin mai tsaron ƙofa na ce masa ga tamu can, a ɗan koma mana. Ya ce jirgi ba ya komawa, akwai wani a bayanmu yana jiran wurin tsayawa. Haka muka tafi muka bar ta. Kujerarta tana kusa da tawa, da ɗan kati mai sunanta, da cokula a jere, kuma har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Abin nan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na fara da shi kafin in nuna muku fitilu.

Bikin Kirsimeti ne na wurin aikinmu. A nan Faransa daren 24 ga Disamba na iyali ne, kowa yana gidan iyayensa, don haka kamfanoni suke yin nasu tun da sauran kwanaki. Bana namu jirgin ruwa guda suka ɗauka haya, irin mai rufin gilashi. Ma'aikaci kyauta, amma in za ka zo da baƙo yuro 95 ne. Ni kuma akwai wani yaro ɗan Tibiri da ya zo karatu, wannan ne ɗarinsa na farko a nan, yana ɗaki shi kaɗai. Na ce ba zai yiwu ba, na biya masa ban yi ko ɗar ba. A kuɗinmu jaka 62 da 'yan kai kenan. Inna, na san kina kallo, kar ki fara lissafin buhun hatsi, kuɗinki na wata yana hanya.

To ga abin da ake biya domin a gani. Daga kusa da gadar Alma muka tashi, Hasumiyar Efel tana bayanmu. Tun 1889 take tsaye, tsawonta mita 330, kuma da dare duk lokacin da awa ta cika sai ta yi ta ƙyalƙyali na minti biyar. Na sha ganinta daga tudu, amma daga kan ruwa daban ne, domin hasken yana sama yana kuma ƙasa, yana rawa a kan kogin. Yaron Tibiri ya riƙe mini hannun riga yana ta cewa "Yaya, duba!" Na ji daɗi har cikin zuciyata, wallahi kuɗina ya fita a wannan minti biyar ɗin.

Gadoji 37 ne a kan kogin nan a cikin Paris kawai. Wasu in za ku wuce ƙarƙashinsu kuna saman jirgi sai ka ga kowa yana sunkuyar da kai. Wanda zai hau saman nan a watan Disamba, ina gaya masa ya sa safar hannu da hula mai rufe kunne. Kar ka ce ai ka saba da hunturu. Namu sanyin busasshe ne, rana na fitowa ya sake ka. Na nan jiƙaƙƙe ne, iskar ruwa ke kawo shi, kuma tun ƙarfe biyar rana ta faɗi. Yatsuna sun ƙage, shi ya sa za ku ga hoton yana ɗan girgiza.

Ga majami'ar Notar-Dam can. Ita ce ta ƙone a watan Afrilun 2019, aka gyara ta aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Da muka zo daidai ita na cire hulata duk da sanyin, na yi addu'a a zuciya. Ni kaɗai na yi. Ana bikin haihuwar Almasihu, mutum sama da ɗari a jirgi, daga tashi har sauka ban ji bakin da ya ambaci sunansa ba, ko addu'ar abinci ba a yi ba. Ban ce su mugaye ba ne, mutanen kirki ne, suna ta tambayata ko na ƙoshi. Amma ni da na tashi a gidan da ko gyaɗa za a ci sai an gode wa Allah, abin ya yi mini nauyi. Ta nan dai 'yan wasanmu na Nijar suka wuce a jirgi da tutarmu ranar buɗe gasar Olamfik ta 2024, kuma na nuna wa shugabar sashenmu wurin, na ce mata mu ma mun bi ta nan.

Mu koma ciki, ga abinci. Wannan mai kama da man shanu hantar agwagwa ce, wadda ake yi wa ɗuren masara har hantar ta kumbura. Abin alfaharinsu ne na Kirsimeti. Wancan kuma wani abin teku ne mai ɓawo, a matsa lemun tsami a haɗiye shi ɗanye, ban taɓa ba. Mu kifi muka zaɓa ni da yaron, kuma yankan bai wuce tafin hannun jinjiri ba. Ɗan'uwa Musulmi da zai je irin wannan wuri, ka tambaya tun lokacin rubuta suna, ka ce kifi ko ganye kake so. Kar ka tsaya a kan naman alade kawai, ka tambayi romon ma, don suna dafa miya da giya ba su ɗauke ta komai ba. Kofinka kuma ka kife shi ko ka ɗora hannu a kai, in ba haka ba kana juyawa an zuba maka. Mu ruwan tufa muka sha. Gato ne kaɗai ya burge ni, wanda suke naɗewa da siffar gungumen icce, na ci nawa na ci na kujerar da ba kowa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne da na leƙa ta ƙofar kicin. Faranti bayan faranti ana kankare shi a bola, nama da dankali da ba a ko taɓa ba.

A gidanmu a unguwar Zariya, ranar Kirsimeti Inna tun kafin asuba take hura wuta. Shinkafa tukunya biyu, miyar zabi, ga cincin da aka soya tun jiya a cikin bokiti. Kafin mu tafi sujada an jera kwanuka a tsakar gida, ita ta san na kowa: wannan na gidan Malam, wannan na Hajiya mai ƙosai, wannan na maigadin makaranta. Mu yara mu ne 'yan kai, muna tafe da sabon ɗinki muna riƙe da murfi kar miya ta zube. Kusan duk maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma in Babbar Sallah ta zo kwanukan nan su dawo mana da nama. Bayan an taso daga majami'a, zumuntar mata suna shigowa da ankonsu da waƙa, ƙofa a buɗe har dare. Almajiri ya yi sallama a zuba masa, baƙon da ba a san shi ba a shimfiɗa masa tabarma. Ba a taɓa cewa wani ya makara ba.

Na faɗa wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin haka, ya saurare ni da kyau. Ya ce ƙidayar kai ba rowa ba ce, doka ce: kowane jirgi akwai adadin mutanen da aka yarje masa, da rigar ceto ta kowa, in ya ƙara ko mutum ɗaya sai a ƙwace takardarsa. Wannan kam na karɓa hannu biyu. Mun sha jin kwale-kwale ya kife a kogin Isa saboda lodi ya yi yawa, mata da yara su tafi. Mu mutanen Maraɗi dama tsakaninmu da ruwa sai a hankali, tun ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a fadama aka hauro tudu. Gulbinmu ma da rani yashi ne. Amma ga tafkin Madarumfa nan kusa, da tsuntsayensa da masuntansa, har da kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara. Alhazan Maraɗi masu tireloli, ɗaya daga cikinku ya sa jirgi mai rumfa da rigunan ceto a tafkin nan mana. A gasa kifi a bakin ruwa, a ɗauki iyali ranar Sallah ko Kirsimeti, in an dawo a sake ɗaukar waɗanda suka makara. Ni zan fara biya.

An yi rawa daga baya, an ture tebura gefe. Yaron Tibiri bai yi ba, yana lungu yana neman labarin kokowar takobi a waya, don kun san lokacinta ne ya ƙarato, kuma shi ba ya yarda a ce wata jiha ta fi Maraɗi tun zamanin Kantu, tsohon gwarzon kokowarmu.

Ranar 25 ni zan dafa a ɗakina. Na sayi shinkafa kilo 10 da kaji a kasuwar Shato-Ruj, maƙwabcina ɗan Mali ya ara mini babbar tukunya. Duk ɗan Nijar da ke Paris ko kewaye, Kirista ko Musulmi, ya aiko mini da saƙo in kwatanta masa gida, naman na halal ne. Ita ma mai jar rigar na gayyace ta, ta ce za ta zo da ɗiyarta. Inna, in an samu mai tahowa, tunda yanzu sai an biyo ta Kasablanka ko Istambul, a ba shi yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kam kar a sa, an hana shigowa da nama, 'yan duwan za su ƙwace shi a filin jirgi.